Takin da Na Tura Gonata

Ana saura kaɗan in ajiye aiki aka tara mu a ɗakin taron wata makaranta, mu malaman da wa'adinmu ya ƙarato, aka kawo wani mutum mai kwat ya yi mana bayanin yadda ake shirya wa ritaya. Ya ce kada kowa ya jingina da fansho kaɗai, domin wani lokaci yakan yi jinkiri, in ma ya zo ba ya kai mutum ƙarshen wata. Ya ce a yi kiwon kaji, a yi kiwon kifi, a buɗe ɗan shago. Can kusa da tashi ya ce yunwa tana kama ɗan ritaya, amma abin da ya fi saurin kayar da shi shi ne gari ya waye ba shi da wurin zuwa.

Wannan ta ƙarshen ce ta biyo ni gida. Na san wani tsohon shugaban makarantarmu, mutum mai tsari, wanda bayan ya ajiye aiki kullum da safe sai ya yi wanka ya sa babbar riga ya fito da benci ƙofar gidansa, yana tsayar da 'yan makarantar da ke wucewa yana tambayarsu dalilin makara. Ba ɗalibansa ba ne, ba su ma san shi ba. Da abin ya ishe su suka sake hanya. Duk sanda na tuna da shi sai in ji kamar halinmu ɗaya da shi, ko kusa da haka.

Ni malamar sakandaren 'yan mata ce a birnin Kano tun da na gama jami'a. Maigidana ya rasu, yara sun yi aure sun watse. Kuma ni irin mutanen nan ce da kan kulle ƙofa su yi nisa, sannan su dawo su taɓa kwaɗon su tabbatar. Takardar jarrabawa ma sai na duba na sake dubawa kafin in sa maki. Saboda haka shawarwarin mai kwat ɗin nan na ɗauke su ɗaya bayan ɗaya na juya na ajiye. Kaji, annoba ɗaya ta share su. Kifi, a unguwarmu ruwan famfo sai ya ga dama yake zuwa. Shago kuwa na san kaina, ba zan iya hana maƙwabciya bashi ba, ba kuma zan iya bin ta gida ba. Abin da ya rage mini shi ne gonata.

Ƙauyenmu yana gefen hanyar Minjibir. A wajenmu babu daji. Gona ta haɗu da gona tun daga bayan dangar gidanmu har ƙauye na gaba, ba a barin ƙasa ta huta ko damina ɗaya, ba kuma a samun ta sayarwa sai in wani ya shiga wani hali. Inna ta riga Baba rasuwa, da shi ma ya tafi mu biyu ya bari, ni da Yaya. Aka raba gona, ya ɗauki kashi biyu na ɗauki ɗaya. Nawa ya kama daga gindin ɗorawa zuwa burtalin da shanu ke bi, aka dasa ciyawar gamba ta zama iyaka a tsakaninmu. Lokacin ina amarya a birni, me zan yi da gona? Na ce Yaya ya riƙa nomawa. Aro ne, kowa ya sani. Kowace kaka yakan aiko mini da gero da wake, matarsa ta haɗo da daddawar da ta yi da kalwar ɗorawar nan. Ba mu taɓa kiran wannan haya ba, gaisuwa ce. Da tafiya ta yi tafiya gambar ta ɓace, don shanun huɗa sun fi jin daɗin layi mai tsawo.

Na tsara abin a raina har ya zauna. In shuka gyaɗa da wake, in ɗauki 'yan ƙwadago. Da damina in koma ɗakin Inna da ke nan a kulle, da rani a matse mai a soya ƙuli, harawar kuma in ba 'yan awaki. A shekaruna ba wanda zai ce wani abu don an gan ni a gona. Ko fansho ya yi jinkiri ba zan rasa abin sawa a tukunya ba, kuma in gari ya waye ina da wurin zuwa. Abu ɗaya ne kawai ya rage, in ce wa Yaya ya ba ni.

Aron gona yana da ƙa'idarsa a wajenmu. In mai gona yana son abinsa, da kaka yake faɗa, kafin wanda ya ara ya fara kai taki. Da zarar an ga tsibin taki a gona, daminar nan ta wanda ya kai ce, ko mai unguwa ba zai goyi bayanka ba. Dalilin a fili yake. Ƙasar da ba ta hutawa taki ne ranta, kuma takin nan wahalar rani guda ce: a share garke, a tara toka, a loda wa jaki a mangala, a je a dawo a cikin rana. Ba a cewa mutum ya tashi bayan ya yi wannan.

Don haka na je da kaka, yadda ya kamata. Matar Yaya tana bakin turmi ta hango ni.

"Lale da mutanen birni! Malama, mu aka zo dubawa ko rumbu?"

"Ke dai ba kya rabo da tsiya."

"Ai gara in tambaya, in san yawan furar da zan dama. Mai duba rumbu ya fi ci."

Na sami Yaya a bayan gida yana ɗaure damin gero. Na lura gemunsa ya yi fari fat, abin da ban kula ba a zuwan baya. Muka gaisa, muka yi maganar damina da ciwon ƙafarsa. Sannan na gyara zama.

"Yaya, ka san fa an kusa sallamarmu daga aiki."

"Haka na ji. Allah ya sa a gama lafiya."

"Amin. To, ina ta tunani ne, ko wata rana, in Allah ya ba da rai da lafiya, wataƙila mutum ya ɗan taɓa noma, ko da kaɗan ne, don kada a zauna haka nan."

Ya yi dariya har da tari. "Ke da noma, auta? Fartanya fa ba alli ba ce."

"Ai na ce wataƙila."

"To, Allah ya kai mu."

Daidai nan aka fito da abinci. 'Ya'yansa maza duk suna gandu ɗaya da shi, da matansu da yaransu, tukunya ɗaya ake ɗorawa. Na ga jikokinsa sun kewaye akushi, hannu yana shiga hannu yana fita, kafin in gama wanke nawa hannun sun kai ƙasa. Na san wani kaso na tuwon nan daga gindin ɗorawa ya fito. Sai na bar maganar a inda ta tsaya, na ce wa kaina ai na faɗa.

A motar komawa na riƙa juya abin da na ce. Na nemi kalmar gona a ciki, babu. Na nemi baɗi, babu. Ko ni aka gaya wa wannan magana abin da zan ce ke nan, Allah ya kai mu.

Kaka ta wuce ban koma ba. Kowane ƙarshen mako sai in ce wannan Asabar zan je, in ɗauko mayafi, in tuna da akushin nan in mayar. Na yi shawara da wata abokiyar aikina, ta ce haƙƙina ne, kunyar me zan ji. Na buga wa babbar 'yata waya, ta ce, "Umma, gona kuma? Ke da gwiwa ke damu? Ki zauna ki huta, mu muna nan." Na san suna nan, na kuma san abin da ke kansu. Na sake komawa kan kaji, na je har wajen wani mai sayar da 'yan tsaki na tambayi komai na dawo ban saya ba. A aji sai in tsinci kaina na tsaya da alli a hannu, yara suna jira in ƙarasa jimla.

A cikin wannan hali dabara ta zo mini, kuma lokacin gani nake hikima ce. Na ce tunda wanda ya kai taki shi ke da damina, me zai hana in riga Yaya kaiwa? Ya fito ya ga tsibi a ɓangarena, ya san daga wurina ya zo, zai gane. Ba sai na buɗe baki na ce ba ni ba, shi ma ba sai ya ji an ce masa tashi ba. Kowa ya tsira da mutuncinsa. Na yi kwanaki ina duba dabarar nan ta kowane gefe, ban ga inda ta ɓalle ba.

A unguwarmu akwai masu kiwon raguna a gida. Na bi su na sayi kashin tumaki, na haɗa da tokar masu tuwon sayarwa, aka tara mini a wani kango. Sannan na kira ɗan kawuna, abokin wasana tun muna yara, wanda ke jigilar kaya da akori-kura tsakanin birni da ƙauyukanmu. Ya zo ya tsaya yana kallon tulin ya riƙe ƙugu.

"Farfesa, abin da digirin ya koma ke nan? Mu da ba mu yi ba gara mu."

"Kai dai loda. In ma motar taka mai tarin fuka za ta kai."

"Za ta kai ta dawo ta kai ki asibiti. Ina za a zuba?"

"Daga gindin ɗorawa zuwa burtali. Kada ka wuce ɗorawa."

Ya dube ni ta gefen ido. "Kin gaya wa Yayan?"

"Zai gani."

"Zai gani kam. Makaho ma zai ji a hancinsa."

Ban bi shi ba. Na ce lokacin jarrabawa ne, kuma gaskiya lokacin jarrabawa ne, ko da yake ina jin da na so da na sami hanya.

Bayan 'yan kwanaki na dawo daga makaranta na tarar da Yaya zaune a soro, da zakara a ɗaure a gefensa da ƙullin kuka. Yaya ba ya son birni, sai rasuwa ko asibiti ke kawo shi. Na ce shi ke nan, ya zo mu yi ta. Na shigar da shi na kawo ruwa, na zauna ina jira.

"Auta," ya ce, "ban san abin da zan ce miki ba."

Na sunkuyar da kai.

"Jakin nan nawa ya tsufa, in ya yi sawu kaɗan sai ya durƙushe. Ina ta tunanin yadda zan yi da wajen ɗorawa bana, har na ce ko in bar shi haka. Sai kawai na fito na ga tsibi-tsibi kamar daga sama. Wallahi sai da na yi ƙwalla. Na tsaya a ƙofar masallaci na faɗa wa jama'a, na ce ku zo ku ga abin da 'yar'uwa take yi. Liman ma ya sa miki albarka. Na sa an kwashi rabi an kai gabas, can ƙasar ta fi gajiya."

Akwai ɗan lokaci a nan da zan iya magana. Ina jin nauyinta a kan harshena. Na dubi zakaran, na dubi ƙafafun Yaya da suka yi futu-futu da tafiya, na ce, "Haba Yaya, ba komai."

Ya kwana ɗaya ya koma. Na yanka zakaran na kasa ci, na rarraba wa maƙwabta.

Ruwan farko ya sauka daf da sallamata. Aka yi mana walima a makaranta, aka ba ni turmin atamfa da fulas ɗin shayi, ɗalibai suka yi waƙa wasu suka yi kuka. Washegari na tashi da asuba kamar kullum, na yi salla na yi wanka na shirya, sai na tsaya a tsakar gida da jaka a hannu. Na ajiye ta. Na share inda aka riga aka share. Na fito da kwanuka daga kabad na goge na mayar, bayan kwana biyu na sake fito da su. Sau da dama nakan ƙirƙiri dalilin zuwa makaranta, in ce na manta wani littafi, mai gadi ya gaishe ni da girmamawa irin wadda ake yi wa baƙo. Fansho bai fara zuwa ba, aka ce ana kan aikin takardu. Na riƙa auno gero da kwano a kasuwar unguwa, duk zuwa da farashin da zan tarar. In hadari ya haɗu ƙamshin ƙasa ya taso, sai in kasa zama a ɗaki, in fito in tsaya a ƙofa ina kallon ruwa yana bin kwata.

Da damina ta yi tsakiya na je ƙauye. Dawar da ke gindin ɗorawa ta fi ta kowa, kore shar, ta wuce tsayin mutum. Duk inda na bi sai a ce ga mai taki nan. Matar mai unguwa ta riƙe hannuna a gaban mata tana cewa su yi koyi da ni, wasu in sun yi boko ko hanyar gida ba sa tunawa. Na yi ta murmushi ina cewa amin. Kowane yabo sai in ji kamar an ƙara ɗaure ni da igiya. Wadda aka yi wa wannan shaida, da wane baki za ta zo ta ce a ba ta gonarta?

Ɗan kawuna ne ya dawo da ni birni a gaban motarsa. Da muka yi nisa ya dubo ni.

"Farfesa, dawa ta yi kyau."

"Ta yi."

"Taki ya yi magana ke nan."

"Ka ƙyale ni don Allah."

"An ce kurum ma magana ce, amma ni ban taɓa jin an ce kashin tumaki magana ba ne." Ya kauce wa wani rami. "Yayanki ba boka ba ne. Kin shekara talatin kina yi wa 'ya'yan mutane bayani, shi ɗaya ya gagare ki?"

"Ka ga yawan mutanen gidan nan kuwa?"

"Na gani. To ki bar masa har abada, ki faɗa da bakinki, ki huta. Ko ki karɓa, ki faɗa da bakinki. Wannan tsayuwar da kike yi a bakin ƙofa, ba ki shiga ba ba ki fita ba, ita ke ramar da ke."

Na yi tunanin bar masa ɗin, da gaske na yi. Na kwana biyu a kan cewa na bar masa, na ji sauƙi. A rana ta uku na sake tsintar kaina a tsakar gida da jaka a hannu.

Da aka fara yankan gero na shirya. Wannan karon sai da na tsara jimlar a gida, na cire mata duk wani ko da wataƙila, na riƙa maimaita ta a mota kamar mai bitar hadda. Ban tsaya wajen matar Yaya ba don kada raha ta sanyaya mini jiki. Na wuce gona kai tsaye na same shi shi kaɗai yana tara zangarniya.

Muka gaisa. Kafin ya tambaye ni hanya na ce, "Yaya, ina son gonata. Damina mai zuwa ni zan noma."

Bai ɗago ba. Ya ci gaba da abin da yake yi har na fara tunanin ko bai ji ba, har bakina ya fara haɗa wata jimlar mai laushi. Na danne ta.

"Taki ce ai," ya ce. "Ban taɓa mantawa ba." Ya miƙe yana dafa baya. "Tun yaushe kike so?"

"Tun bara."

"Bara kin zo nan. Me ya hana ki faɗa?"

"Na so in faɗa."

Ya juya yana kallon wajen ɗorawa. Na ga lokacin da abin ya faɗo masa, fuskarsa ta sauya. Ya nemi dami ya zauna a kai.

"Takin nan," ya ce. "Ba ni kika kawo wa ba."

Na durƙusa a gefen damin.

"Kika bar ni na tsaya a ƙofar masallaci. Kika bar ni na ɗauki zakara na shiga mota." Muryarsa ba ta tashi ba, da ta tashi da ya fi mini sauƙi. "Direban ya sani?"

"Ina jin ya gane."

"To garin nan kowa zai sani ke nan. A ce ga wanda ƙanwarsa ta nemi gonarta ya yi kamar bai gane ba, ya cinye mata damina har da godiya."

"Wallahi Yaya ba wanda zai ce haka. Kunyarka na ji."

"Kunya." Ya jinjina kai. "Da kin faɗa bara, da yini ɗaya zan ji zafi."

Sai a nan ya gaya mini cewa ya riga ya yi wa babban ɗansa alkawarin wajen ɗorawa a matsayin gayauna, gonar kansa ban da ta gandu, don iyalinsa sun yi yawa. Tun da ya ga takin ya ɗauka na sallama wurin ke nan. Ya ce zai janye maganar. Na buɗe baki zan ce ko a raba, ko a bari sai wata shekara, ya ɗaga mini hannu.

"Kada ki fara. Kin faɗi magana ɗaya sak, ki bar ta a tsaye."

Bayan an kwashe amfani aka kira mai unguwa da wani tsoho maƙwabcin gona wanda ya halarci rabon farko. Suka tsaya a gindin ɗorawa suka yi ta nuni da sanda, wannan ya ce nan ne, wancan ya ce a ɗan matsa. Yaya ya ce a matsa ta wajensa, kada a bar shakka. Aka ja layi aka kafa duwatsu, aka ce in ruwa ya sauka a dasa gamba.

Na ɗauka an gama, ashe da saura. Da rani ɗan kawuna ya bugo mini waya, ba wasa a muryarsa, ya ce Yaya yana kai taki gonata. Na je na gani da idona. Shi ne da tsohon jakin nan, daga garkensa zuwa gindin ɗorawa, jakin yana tafiya yana tsayawa. Ya ce abin da aka zuba masa bisa kuskure zai mayar. Na roƙe shi, na ce na yafe duniya da lahira. Na tura matarsa ta roƙe shi, ta dawo ta ce, "Malama, kin san ɗan'uwanki. Jininku ɗaya, ke ba kya faɗa, shi ba ya ji." Haka ya yi ta yi har ɓangarena ya cika da tsibi, nasa kuwa ɗaiɗai. Babban ɗan nasa ya tafi Watari aikin noman rani a gonakin mutane. Ya zo ya yi mini sallama da ladabi, ya ce, "Gwaggo, a yi mana addu'a." Na duba fuskarsa ina neman fushi ban samu ba, hakan kuma bai kwantar mini da hankali ba.

Fansho ya fara zuwa a ƙarshen ranin, kuma kamar yadda aka faɗa, ba ya kai ƙarshen wata. Na buɗe ɗakin Inna na sa aka gyara rufin, na kawo katifa da 'yan tukwane. Tsakanina da Yaya gaisuwa ce cikakkiya, safe da yamma, a tambayi kwana a tambayi gajiya, daga nan kowa ya kama gabansa. Abinci yana zuwa mini daga gidan kullum. Ban sani ba ko shi ke cewa a kawo ko matarsa ce ke yin gaban kanta, ban kuma tambaya ba.

Ranar da muka fara shuka ruwa ya sauka da daddare, ƙasa ta jiƙu sosai. 'Yan ƙwadago biyu suna gaba suna sara, ni ina bin su da ƙwaryar irin gyaɗa ina jefawa ina rufewa da ƙafa. Na ce ni zan yi wannan da kaina. Kafin hantsi bayana ya riƙe, gwiwa tana zugi, zanina ya yi dumu-dumu da laka, amma rabon da in ji yini yana gudu haka tun ina aji. Yaya yana nasa ɓangaren tare da sauran 'ya'yansa. Can na ga ya ajiye abin hannunsa ya nufo mu. Ya zo daidai duwatsun iyaka ya tsaya, bai tsallako ba. Ya daɗe yana kallon layin da muka yi.

"Gyaɗa ba ta son zurfi," ya ce. "Ki ce su rage sara."

Ya juya ya koma.

Wannan ce magana ta farko da ya yi mini wadda ba gaisuwa ba tun ranar da na tarar da shi yana mayar mini da taki. Na tsaya da ƙwarya a hannu ina auna ta, ko sulhu ne, ko gyara ne kawai irin wanda zai yi wa kowane maƙwabcin gona. Har yanzu ban yanke ba. Na kira 'yan ƙwadagon na ce su rage sara, sannan na koma farkon layi na durƙusa ina tona ramukan da muka riga muka rufe, ina duba ko irin zai iya fitowa.